Ku Daina Nuna Mana Fitilun Madabod, Ku Faɗa Mana Yadda Kuka Gwada Shi



Yau akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san wasu abokan sana'armu masu shafukan fasaha ba za su ji daɗinta ba. Sai dai a yi haƙuri.

Kwanakin baya wani ɗan uwa cikin masu bibiyar wannan shafi ya turo mini wani fostin da ya gani. Hotuna huɗu ne na wani ƙaramin madabod, baƙi wuluk, ƙarafuna suna ta ƙyalli, fitilu ja da shuɗi sun kewaye shi. A ƙasa an rubuta cewa wannan bod ɗin dodo ne, ga makin da ya ci a Cinebench. Sai ya ce da ni: "Malam, in saya? Na daɗe ina tara kuɗi, so nake in haɗa 'yar ƙaramar kwamfuta ta tace bidiyon biki."

Na karanta fostin ɗin sau biyu. Ba a faɗi wace furosesa aka ɗora ba. Ba a faɗi RAM ba. Ba a faɗi a cikin akwati aka gwada ko a fili kan tebur ba. Ko hoton bayan bod ɗin babu. Amsar da na ba shi ita ce: da wannan bayanin babu wanda zai iya ba ka shawara, har shi wanda ya yi fostin ɗin.

Matsayata ke nan, kuma ba na jin zan janye: duk wanda ya saka hoton madabod da maki, bai faɗi yadda aka yi gwajin ba, talla ya yi wa kamfani kyauta, ko da kuwa ya kira abin nasa sharhi.

DA FARKO, WANE IRIN BOD MUKE MAGANA A KAI?

Ga waɗanda waya kawai suka saba da ita: madabod shi ne kwatankwacin abin da masu gyaran waya suke kira fanel. Shi ne faifan da ake ɗora komai a kai, furosesa, RAM, ma'adana, katin girafik, duka. Bambancin shi ne a waya an like komai wuri guda, a kwamfutar tebur kuwa kai ne kake zaɓen kowane ɗaya ka haɗa da kanka.

Babban girman da aka saba gani shi ne ATX, wanda Intel ta fito da shi a 1995, milimita 305 da 244. Sai microATX, 244 da 244. Ƙaramin da muke magana a kai shi ne Mini-ITX, wanda kamfanin VIA na Taiwan ya ƙirƙiro a 2001. Girmansa santimita 17 da 17 ne cif, wato tsawonsa bai wuce na babbar waya ba sai da kaɗan.

A wannan ɗan fili dole a cusa soket ɗin furosesa, ramin RAM guda biyu, ramin PCIe guda ɗaya tal na katin girafik, wurin soka wuta mai fil 24 da mai fil 8, da wurin SSD ɗin M.2. Babban bod yakan zo da ramin RAM huɗu da ramukan PCIe da yawa. A ƙarami kuwa abin da ka saya yau kusan shi ke nan. In kana son ƙarin RAM gobe, sai dai ka cire na da ka sa wani.

To abu mai matsi haka, kuskure kaɗan ne zai cinye maka kuɗi. Shi ya sa ya fi kowane bod buƙatar bayani, amma shi aka fi sayarwa da hoto.

ABIN DA HOTO BA YA FAƊA MAKA

Ba na cewa kallon bod ba shi da amfani. Akwai abubuwa da dama da ido zai gane. Matsalar ita ce masu fostin suna haska kyamara a kan ado, su bar wuraren da suke da muhimmanci.

Ɗauki bayan bod ɗin. Saboda ƙarancin wuri, yawancin Mini-ITX masu ramin M.2 biyu suna sa na biyun ne a baya, inda babu ƙarfen zuƙe zafi, iska kuma ba ta isa sosai. SSD ɗin NVMe in ya yi zafi, ya kai wajen digiri 70 zuwa 80, da kansa yake rage gudu don kada ya lalace. Mai tace bidiyo shi zai fi jin wannan a jikinsa, don manyan fayiloli yake kwafa. Amma hotuna huɗu, duk na gaba.

Ɗauki ramin HDMI. Za ka gan shi ƙuru-ƙuru a jikin bod, ka ɗauka da ka soka talabijin ko monita shi ke nan. A'a. Wannan ramin ba ya fitar da hoto sai in furosesar da ka ɗora tana da girafik a cikinta. Ka sa Core i5-12400F, ko Ryzen 5 5600, ka kunna, baƙin allo za ka gani har sai ka sayi katin girafik daban. Duk furosesar Intel mai harafin F a ƙarshe haka take. Ryzen 5 5600G kuwa tana da shi. Harafi ɗaya ne ya raba su. Wane hoto ne zai gaya maka wannan?

Ɗauki waɗannan dogayen ƙarafunan masu kyau da ke kewaye da soket. Aikinsu shi ne sanyaya VRM, wato sashen da ke sauke wutar bolt 12 da ke fitowa daga fawa-fak zuwa bolt ɗaya da ɗoriya da furosesa ke amfani da shi. Wasu ƙarfe ne na gaske mai tsage-tsage da ke watsa zafi. Wasu kuma an lulluɓe su da roba mai tambarin kamfani, tana tare iska. Sannan a Mini-ITX tsawonsu kan hana wasu fankokin furosesa zama, ko su tokare RAM mai tsayi. Ka sayi fanka mai tsada, ka zo ɗaurawa ta ƙi shiga.

Ɗauki ramin RAM. A hoton da aka ɗauka daga nesa, da ƙyar za ka bambance na DDR4 da na DDR5, amma ba sa shiga juna. Soket ɗin AM5 na AMD, wanda ya fito a 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa. LGA1700 na Intel kuwa akwai bod mai DDR4 akwai mai DDR5, wani lokaci sunan iri ɗaya ne, sai 'yar alama a ƙarshe. Mutum nawa ne suka yi odar kaya daga waje, suka iso, RAM ya ƙi shiga?

In kuma na hannu ne, tokumbo, abu na farko da za a nuna maka shi ne cikin soket, kusa-kusa. LGA1700 fil 1,700 ne sirara a jikin bod ɗin, AM5 kuma 1,718. Ɗaya ya lanƙwashe zai iya kashe maka ramin RAM guda ko ya hana kwamfutar tashi gaba ɗaya. Mai sayarwa ya nuna maka fitilu ya ƙi nuna soket, to ka san abin da ake ciki.

SAI BABBAR MAGANA: MAKIN NAN DA AKE TA YAYATAWA

Bari in faɗi abin da masu sayarwa ba sa so a faɗa. Madabod ba ya lissafi. Furosesa ce take lissafi. In ka ɗauki furosesa ɗaya, RAM ɗaya, fanka ɗaya, ka daidaita saitin wuta, ka gwada a bod biyu daban, bambancin makin ɗan kaɗan ne, wanda ba za ka ma ji shi a aiki ba. Saboda haka in ka ga an ce wannan bod ya doke wancan da tazara mai yawa, ka tambayi me aka canza. Yawanci amsar tana cikin ɗayan waɗannan:

Saitin wuta. Core i9-13900K, a takardar Intel, iyakar wutar da za ta ja lokacin da take cikakken gudu wat 253 ne. Amma kamfanonin bod da yawa sun riƙa fitar da kayansu da wannan iyaka a buɗe, a BIOS za ka ga an rubuta 4096, ma'ana ja iya son ranki. Dalili? Don bod ɗinsu ya zo na ɗaya a jadawalin masu gwaji. Mun kuma ga inda aka kwana. A 2024 furosesoshin Intel na zubi na 13 da 14 suka riƙa tsayawa cak a tsakiyar aiki, wasu suka lalace har abada saboda wuta mai yawa. Intel ta amsa cewa akwai laifin manhajar cikin furosesar kanta, ta fitar da gyara a Agusta da Satumba na shekarar, ta ƙara garantin shekara biyu. Amma cikin dalilan da ta lissafa har da saitin bod da ya zarce ƙa'idarta. Wato makin da aka yi ta tafa wa, wani ɓangarensa da lafiyar furosesa aka saye shi.

Kada masoya AMD su yi dariya. A Afrilun 2023 an samu furosesoshin Ryzen 7000X3D da suka ƙone tare da soket ɗinsu, har AMD ta fitar da sabon tsarin BIOS da ya taƙaita wutar sashen SoC zuwa bolt 1.3. Wanda ya gwada bod kafin wannan gyaran da wanda ya gwada bayansa, ba abu ɗaya suka gwada ba, ko da hoton iri ɗaya ne. Shi ya sa lambar BIOS take cikin bayanin gwaji.

Gudun RAM. Ka sayi DDR5 da aka rubuta 6000 a kwalinsa, ka soka, zai tashi ne a 4800 ko makamancin haka har sai ka shiga BIOS ka kunna XMP ko EXPO. DDR4 mai 3200 ma sau da yawa a 2133 yake tashi. Sannan sanda biyu sun fi sanda ɗaya gudu ko da jimlar girman iri ɗaya ce, domin hanya biyu suke bi. Mai gwaji ya sa sanda biyu da EXPO, kai ka sa sanda ɗaya ba saiti, ka dawo kana cewa an sayar maka da jabu.

Irin manhajar gwajin. Cinebench R23 da Cinebench 2024 ma'auninsu daban ne kwata-kwata. Furosesar da ta ci dubbai a R23, ɗaruruwa ko dubu da ɗoriya za ta ci a 2024. Mutum ya rubuta "Cinebench" kawai ya tafi, kamar ya ce maka kaya nauyinsu hamsin ne bai ce kilo ko mudu ba.

Tsawon gwajin. Zagaye ɗaya na gwaji kafin ƙarafuna su ɗau zafi daban ne da minti goma ko rabin awa ana nika. Fitar da bidiyon biki guda yana iya cin lokaci mai tsawo furosesa tana aiki ba hutu. Makin zagayen farko ba ruwansa da wannan.

KU MASU WAYA AI KUN SAN WANNAN WASAN

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinku. A 2018 kamfanin UL mai manhajar 3DMark ya cire wasu wayoyin Huawei, ciki har da P20 da P20 Pro, daga jadawalinsa, domin wayoyin suna gane an buɗe manhajar gwaji sai su saki cikakken ƙarfi, abin da ba sa yi wa sauran manhajoji. A Maris na 2022 Geekbench ma ya cire Galaxy S10 har zuwa S22 na Samsung, saboda wani tsari mai suna GOS da ke rage gudun wasanni amma ya ƙyale manhajojin gwaji.

Kuma ko ba da wannan ba, kowa ya taɓa ganin wayarsa tana ɗaukar bidiyo a rana ta yi zafi, ta fara sanyin jiki ko ta rufe kyamara. Wayar ba ta canza ba, makinta na AnTuTu yana nan. Yanayi ne ya canza. To haka kwamfuta take, sai dai ita wutar da take ja ta ninka ta waya sau da yawa.

A INA AKA GWADA? MU FA A NAN MUKE ZAUNE

Nan ne abin ya fi ba ni haushi, domin a nan namu na gida suke da abin cewa amma suke kwafo na wasu.

Manyan masu gwaji na Turai da Amurka galibi suna aiki ne a ɗaki mai sanyi, digiri ashirin da 'yan kai. Da yawa ma ba sa sa bod a akwati, a kan buɗaɗɗen teburin gwaji suke shimfiɗa shi, iska tana shiga ta ko'ina. Ba laifi suka yi ba, kuma nagari cikinsu suna rubuta zafin ɗakin a fili. Mu ne muke ɗauko lambar mu yar da bayanin.

Lissafin mai sauƙi ne. Zafin kayan kwamfuta yana hawa ne a kan zafin ɗaki. Misali, a ce an gwada a ɗaki mai digiri 22, VRM ya nuna 75. Ƙarin da ya yi 53 ke nan. Kai wannan bod ɗin shago a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, babu AC. Ka ɗora 53 a kan 40, ka ga 93. Ba mu ma sa shi cikin ƙaramin akwati ba tukuna, inda katin girafik ke hura masa nasa zafin. Ita kuwa furosesa, Ryzen 7000 na yau da kullum iyakarta digiri 95, ta Intel irin 13900K kuma 100. Da ta kai nan za ta fara rage gudu.

Sai ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙaramin akwati mai ƙananan kafofin iska cikin 'yan makonni ragarsa take toshewa. Sai wutar NEPA da janareta masu hawa da sauka, abin da ya sa ingancin fawa-fak da UPS ya fi mana muhimmanci fiye da launin fitila. Ƙananan akwatuna kuma da yawa fawa-fak ɗin SFX suke karɓa, wanda ya fi na yau da kullum wuyar samu a kasuwanninmu. Duk wannan babu wanda ya gaya wa ɗan uwan da ya turo mini hoto.

NA SAN ABIN DA ZA A CE MINI

Wani zai ce: "Mutanenmu ba sa karanta dogon bayani, hoto suke so." Wannan raini ne. Mutumin da zai zauna ya kwatanta RAM da batir da kyamarar waya uku kafin ya saya, shi ne ba zai karanta layi bakwai ba a kan abin da ya fi wayar tsada? Ka rubuta, wanda zai kashe kuɗinsa zai karanta.

Wani zai ce: "Ba mu da kuɗin sayen bod mu gwada." Gaskiya ne, ni ma ba kowane bod na taɓa riƙewa ba. Amma ba kuɗi ake saya da shi ba ka rubuta cewa wannan makin ba ni na auna ba, daga wuri kaza na ɗauko, ga kayan da suka yi amfani da su. Abin da nake yaƙi da shi shi ne ka kwafo lamba ka goge asalinta, ka bar mutane su ɗauka a shagonka aka gwada.

Wani kuma zai ce: "To ado laifi ne?" Ko kaɗan. Mai son fitila ya sayi abarsa, kuɗinsa ne. Amma a bar shi ya san kuɗin fitila ya biya. Kada a ce masa gudu ya saya.

ABIN DA ZA KA TAMBAYA KAFIN KA YARDA DA KOWANE MAKI

Ka kwafi wannan ka ajiye a wayarka. Duk inda ka ga an yabi madabod, ko a shafi ko a shago, ka nemi:

1. Cikakken sunan furosesa, har harafin ƙarshe.
2. RAM: girmansa, gudunsa, sanda nawa, an kunna XMP ko EXPO?
3. Lambar BIOS, da saitin wuta: na ƙa'ida ne ko an buɗe?
4. Wace fanka ko na'urar sanyaya aka ɗora?
5. A cikin akwati aka gwada ko a fili? Wane akwati?
6. Zafin ɗakin nawa ne?
7. Wace manhajar gwaji, wane zubi, minti nawa aka yi?
8. Hoton gaba, hoton baya, hoton ramukan waje, da hoton cikin soket.

In kuma kana gaban mai shago, ka ce ya kunna maka. CPU-Z zai nuna maka sunan bod, lambar BIOS da gudun RAM na gaskiya. HWiNFO zai nuna zafin furosesa da SSD, da na VRM in bod ɗin yana da ma'auninsa. Duka kyauta ne. A rufe akwatin, a sa Cinebench na minti goma, ka tsaya kana kallon zafi da gudu. Mai kaya mai kyau ba zai ƙi minti goma ba.

Shi ɗan uwan nan, shawarar da na ba shi ita ce ya fara tambayar kansa ko dole ne sai Mini-ITX. In ba yawo zai riƙa yi da kwamfutar ba, microATX yawanci ya fi araha, yana da fili, akwatinsa ya fi shan iska, kuma fawa-fak ɗinsa yana ko'ina. In kuma ƙaramin yake so ko ta halin ƙaƙa, ya zaɓi furosesa mai wat 65, ya bar saitin wuta a ƙa'ida, ragowar kuɗin ya sa a fanka mai kyau da UPS.

Ku kuma abokan aiki masu shafuka, ba gaba nake da ku ba. Amma yaran nan da suke karanta mu, wani kuɗin adashi ne, wani babur ya sayar. Kada mu tura su cinikin biri a sama. Duk wanda ya ga na saka maki a wannan shafi ban faɗi yadda aka gwada ba, ya tuhume ni a bainar jama'a, zan gyara.

Wanda yake shirin haɗa kwamfuta, ya rubuto sunayen kayan da ya zaɓa a ƙasa, mu duba tare kafin ya biya kuɗi. A tura wa wanda zai amfana.

Allah Ya sa mu dace.